In Hanyar Ƙazanta Ta Rushe

  

Yau maganarmu a kan abin da ba a son ambata a gaban manya ne, watau najasa, da hanyar da takan bi bayan ta rabu da mu. Iyayena, ku gafarce ni. Na yi shekara 20 da 'yan kai ina aikin lafiya, na kuwa ga abin da najasa ke yi wa yara in ta sami hanyar shiga ruwan sha. Wanda ya ga haka, kunya ba ta hana shi magana.

Zan ba ku labarin wani gari a ƙasar Amurka, inda babbar hanyar ƙazanta ta rushe dare ɗaya, da yadda aka yi aka sake ta cikin gaggawa. Wani zai ce, ina ruwanmu da Amurka, mu da ko famfo bai ishe mu ba? Ku dai saurara. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin in gama za ku ga labarin ya biyo ta bayan gidanku.

Yadda babban birni ke fid da ƙazantarsa

Mu a ƙauye, kowane gida yana da ramin masai nasa, wanda waɗansu ke kira shadda, waɗansu salga. Abin da ya shiga ramin, nan yake zama. A manyan biranen duniya ba haka ake yi ba. Mutane sun yi yawa, gidaje suna bisa juna, babu filin haƙa rami. Saboda haka sai su yi masai na ruwa. In mutum ya gama, ya saki ruwa, ruwan ya kwashe najasar ya shiga da ita bututu. Ruwan wanka, da na wanki, da na wanke-wanke, duk nan suke bi.

Bututun gida ƙarami ne. Shi ke kai wa na titi, na titi ya kai wa na unguwa, na unguwa ya kai wa babban bututu, kamar dai yadda ƙorama ke shiga rafi, rafi ya shiga kogi. Dukansu a binne suke a ƙarƙashin ƙasa, an ɗan karkata su domin ruwa ya gangara da kansa. Ƙarshen tafiyar kuwa wani babban wurin tace ƙazanta ne a bayan gari. Can ake raba ruwa da dauɗa, a kashe ƙwayoyin cuta, kana a saki ruwan cikin kogi. A ƙasarmu ma akwai irin wannan a cikin birnin Abuja, inda ƙazantar ke gangarawa zuwa matatar Wupa.

Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana da aibi guda. Ƙazantar mutane da yawa ta taru a hanya ɗaya. In ramin gida ɗaya ya rufta, gida ɗaya ne ke cikin wahala, ko da maƙwabta. In babban bututu ya rushe, gari ne duka. Ga shi kuma a binne, ido ba ya ganinsa. Abin da ido ba ya gani kuwa, zuciya takan manta da shi.

Abin da ya faru a Fraser

Fraser ƙaramin gari ne a jihar Mishigan, arewa da birnin Detroit. A ƙarƙashin wani titi nasa da ake kira Hanyar Mil 15 akwai babban bututun kankare, wanda aka gina tun shekarun 1970. Faɗin bakinsa ƙafa 11, watau kusan tsayin mutum biyu, ƙaramar mota ma sai ta shige ciki. Zurfinsa a ƙasa wajen ƙafa 60, kamar rijiya mai gaba goma ke nan. Shi ke ɗauke da ƙazantar garuruwa 11, na mutane fiye da 300,000, yana kai ta matatar Detroit.

Ran 24 ga Disamba, 2016, jajiberen Kirsimeti, da asuba, mutanen wani gida da ke bakin titin suka ji gidansu yana ƙara, bango yana tsagewa. Suka fita da abin da ke jikinsu. Da gari ya waye aka ga ƙasa ta lotsa, gidan ya karkace. Wurin da ya lotsa ya kai ƙafa 100 a faɗi, ƙafa 250 a tsawo, kusan filin ƙwallo. Ashe bututun ne ya rushe a can ƙasa, ƙasar da ke bisansa ta bi shi.

Nan da nan hukuma ta fitar da mutanen gida 22, ta rufe titi. Ba wanda ya rasa ransa. Bayan 'yan makonni yawancinsu suka koma, amma gida 3 aka ce ba su ƙara zaunuwa.

To, babbar matsalar ba gidajen nan ba ne. Ƙasa ta toshe mafi yawan cikin bututun, alhali mutanen garuruwa 11 ba su daina shiga masai ba, ba su daina wanka ba. Ƙazanta tana ta zuwa dare da rana, ba ta da wurin wucewa. Ruwa kuwa in ya rasa gaba, baya yake komawa. Gidajen ƙasar nan da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, nan ne najasar za ta fara ɓulla. Ana cikin haka sai aka yi ruwan sama, bututun ya ƙara cika. Hukuma ta ga ba makawa, ta sa injuna suka zuba miliyoyin galan na ɗanyar ƙazanta cikin kogin Clinton, don kada ta shiga dubban gidaje. Ba wanda ya ji daɗin haka. Ɓarna biyu ce aka auna, aka ɗauki mai sauƙi. A watan Janairu, 2017, gwamnan jihar, Rick Snyder, ya ba da sanarwar halin gaggawa a gundumar.

Me ke rusa bututu?

Ruwa ba ya tsami banza. Kankare mai kauri irin wannan ba ya faɗuwa haka kawai. Ga manyan abokan gabansa.

Na farko, iskar da najasa ke fitarwa. In najasa ta daɗe a wurin da babu iska mai kyau, takan fid da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar nan tana tashi ta manne a rufin bututu, inda ke da laima. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke juya ta ta zama ruwa mai cin abu, irin ruwan batirin mota. Shi ke cin kankaren sannu sannu, shekara da shekaru, har ya zama kamar danyen tuwo, ƙarfen ciki ya yi tsatsa.

Na biyu, tsaguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In bututu ya tsage, ko da kaurin tsinke ne, ruwan ƙasa yakan tsiyaya ciki, yana jan yashi tare da shi. Ƙazantar da ke gudu ta kwashe yashin ta tafi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har kogo ya samu a gefen bututun da ƙarƙashinsa. Bututun ya rasa abin da zai kwanta a kai, ga nauyin ƙasa a bisansa, sai ya karye. A sama kuwa motoci suna ta wucewa, ba wanda ya sani.

Na uku, abin da mutane ke zubawa: tsumma, leda, kitse da man girki. Su ke toshe ƙananan bututu, tare da saiwar itatuwa da ke bin laima.

A Fraser, injiniyoyin da hukumar gunduma ta sa su bincika sun ba da rahoto a farkon 2019. Suka ce tun a watan Mayu na 2014 aka yi ɓarnar. An tare ƙazantar a sama domin ma'aikata su shiga su yi wani aiki a ƙasa. Da aka gama, maimakon a sake ta a hankali, sai aka sake ta da sauri. Ruwan ya zo da ƙarfi ya doki bututun, ya tsaga shi. Ku ƙidaya da kanku. Daga Mayun 2014 zuwa Disambar 2016, shekara biyu da rabi ke nan yashi yana zurarewa a ɓoye. Ba kuma karo na farko ba ne a titin nan, gama bututun ya taɓa rushewa a 1978, ya sake a 2004.

Yadda aka sake shi

Aikin gaggawa irin wannan yana da tsari, ba a fara shi da haƙa.

Abu na farko, mutane. A fitar da su, a kange wurin, a hana 'yan kallo. A irin wannan hali akan yanke wuta da gas da ruwan famfo na gidajen da abin ya shafa, don kada wata masifa ta hau kan wata.

Abu na biyu, a sama wa ƙazantar wata hanya ta wucin gadi. Ba a iya gyaran bututu yana cike, ba a kuma iya ce wa gari ya daina bayan gida. Saboda haka aka kafa manyan injunan zuƙo ruwa a sama da wurin da ya rushe, aka shimfiɗa bututu a bisa ƙasa a gefen titi, ƙazantar ta tsallake wurin ta sake faɗawa cikin tsohuwar hanyarta a gaba. Injunan nan ba sa hutawa, dare da rana akwai mai tsaronsu, ga shi lokacin sanyi ne na ƙanƙara.

Abu na uku, taimakon jama'a. Kafin hanyar wucin gadi ta ƙarasa, Candice Miller, wadda ta kama shugabancin ma'aikatar ayyuka ta gundumar Macomb a farkon Janairun nan, ta roƙi mutane su rage ruwa. A gajarta wanka, kada a yi wanki sai kaya sun taru, kada a saki ruwan masai sai ya zama dole. Ran 5 ga Fabrairu, 2017, ranar babban wasan ƙwallon ƙasarsu da ake kira Super Bowl, har aka gargaɗe su kada kowa ya ruga masai lokaci guda in an tafi hutun rabin lokaci. Abin ya ba mutane dariya, amma gaskiya ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injiniya komai gwanintarsa, in jama'a suka ƙi ji, najasar tana komawa gidajensu.

Abu na huɗu, a ƙarfafa ƙasa. Aka huda ramuka aka ɗura kunun siminti, don ya cike kogunan ya hana ƙasa ci gaba da zamewa. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse kewaye da wurin, injuna suna zuƙe ruwan ƙasa har wurin aiki ya bushe.

Sai a na biyar aka zo ga haƙa. Aka kakkafa ginshiƙai na ƙarfe da kankare, aka tokare su, sa'an nan aka haƙa rami a tsakaninsu, tsawonsa wajen ƙafa 300, zurfinsa har kan bututun. Ba a barin lebura ya shiga rami mai zurfi ba tare da an tokare bangonsa ba, gama ƙasa tana da nauyi ƙwarai, in ta rufto wa mutum har ƙirji ba ya iya numfashi. Kuma ba mai sauka cikin bututu sai an auna iskar ciki da na'ura, an hura iska mai kyau, an ɗaura masa igiya, akwai masu tsaye a sama.

Na shida, aka fasa ruɓaɓɓen kankare aka kwashe, aka sa sabon bututu wanda aka yi da zaren gilashi da yashi da wani irin ƙaro mai tauri, irin wanda iskar najasa ba ta ci. Ba su tsaya nan ba. Tun da rami yana buɗe, suka zura sabon bututun cikin tsohon, gaba da baya, tsawon kusan ƙafa 4,000, kamar yadda akan sa wa tsohuwar riga shafi. Aka kuma bi sauran hanyar da kyamara ana duba ko akwai wata tsaguwa.

Kafin shekara ta cika, ƙazanta ta koma hanyarta, aka cike rami, aka zuba kwalta. A watan Disamba, 2017, aka buɗe titi. Kuɗin aikin ya kai wajen dala miliyan 75, mafi yawansu kuwa mutanen garuruwan nan ne ke biya sannu a hankali cikin kuɗin ruwansu. Duba bututu da liƙe tsaguwa tun tana ƙarama ba ya cin ko kusa da haka.

Me ya kawo wannan gaggawa?

Wari ne kawai ake gudu? A'a. Wari ba ya kisa, abin da ke tafe da warin shi ke kisa. Najasar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin cuta waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Su ke kawo kwalara, watau amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da atuni, da wani irin ciwon shawara, da shan inna, ga kuma ƙwan tsutsar ciki. Dukansu hanyarsu guda: daga bayan wani zuwa bakin wani, ta ruwa, ta hannu, ta ƙuda, ta abinci.

Mutanen Fraser sun tsira domin an tare ƙazantar da wuri. Ku ji yadda abin yake in ba a tare ba. A Harare, babban birnin Zimbabuwe, bututun ƙazanta sun tsufa, suna fashewa, najasa tana malala a titi, ruwan famfo kuma ba ya zuwa kullum. Sai mutane suka koma ga rijiyoyi da burtsatse. A watan Satumba, 2018, kwalara ta ɓarke a unguwannin Glen View da Budiriro. Da aka auna ruwan, aka tarar ƙazantar fasassun bututu ta shiga rijiyoyin. Dubban mutane suka kamu, fiye da 50 suka mutu. Shekara goma kafin nan, daga 2008 zuwa 2009, cutar ta kama kusan mutum 100,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 4,000. Ruwan burtsatsen nan kuwa garau yake a ido. Ku riƙe wannan: hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba.

Tun tuni aka san haka. A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta Landan da ake kira Soho. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana ƙidaya mamata, ya ga yawancinsu daga famfon rijiya guda suke sha, a titin Broad. Ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tone daga baya, sai aka tarar da ramin ƙazantar wani gida dab da rijiyar, tsakaninsu bai kai ƙafa 3 ba, ginin ramin ya ruɓe yana yoyo. A cikin ramin nan ne aka riƙa zuba ruwan wankin tsumman wani jariri mai gudawa.

Namu ramin fa?

To, jama'a, kun ga mun iso gida. Ba mu da bututu mai ƙafa 11, amma muna da ramin masai, muna da rijiya, damina kuma tana zuwa kowace shekara. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihohin Bauci, Kano, Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi shan wuya.

A wani ƙauye da na taɓa aiki, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin watan Agusta, masai na wani gida ya rufta. Maigidan mutumin kirki ne, amma aikin gona ya sha masa kai. Ya sa aka jefa zana a kan ramin, ya ce sai bayan kaka. Rijiyar unguwa tana gangaren gidan, taku kaɗan. Ni ma na wuce na ga zanan, na yi masa magana sau ɗaya, ya ce to, na tafi abina. Mako bai cika ba aka fara kawo mana yara suna zawo da amai. Muka rufe rijiyar, samari suka cike ramin da ƙasa cikin yini guda. Amma yarinya ɗaya, 'yar shekara uku, an kawo ta a makare, ba ta kwana ba. Aikin yini guda ne fa. Har yau ina tuna cewa sau ɗaya kawai na yi magana. Shi ya sa yau nake maimaita muku.

Ga abin da nake roƙonku.

Maigida, kafin ruwa ya sauka, ka zaga bayan gida ka duba. Daɓen ya tsage? Ƙasar gefen ramin ta fara lotsawa? Gara ta ci azara? Ruwan indararo yana zuba kusa? Waɗannan su ne tsaguwarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In za ka haƙa sabon rami, ka nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30, watau wajen ƙafa 100, taku arba'in na babban mutum. Ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Kada ka haƙa har ka tad da ruwa, a bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa na damina. Rami mai zagaye ya fi mai kusurwa ƙarfi. In ƙasarku yashi ce, a ɗaure bangon da bulo ko dutse, ko da na sama ne kawai. A ɗaga bakin ya fi ƙasa tudu don ruwan sama ya kauce, a yi masa murfi saboda ƙuda.

In rami ya kusa cika, saura kamar ƙafa 2, a cike shi da ƙasa, a bar shi shekara biyu, a haƙa wani.

In kuwa ya rufta, ku yi yadda mutanen Fraser suka yi, daki daki. Ku kange wurin da ƙaya, ku hana yara da dabbobi. Ku nemi wurin zagawa na wucin gadi: ku roƙi maƙwabci, ko ku haƙa ɗan rami nesa da ruwa, kowa ya gama ya rufe da ƙasa. Kada a koma bakin rafi ko bayan danga. Ku yi ɗan lambatu ku kautar da ruwan sama daga ramin. Ku cike shi da ƙasa a ranar, kada a ce gobe. Ku gaya wa mai unguwa da malamin tsabta, su duba rijiyar da ke kusa su sa mata magani. Kafin nan, duk ruwan da za a sha a tafasa shi, ya yi ta ɓararraka na minti guda cur, a zuba a tulu mai murfi, a riƙa ɗiba da moɗa guda mai tsabta.

Abu ɗaya kuma, ku ji shi da kunnen basira. Kada kowa ya shiga ramin masai, ko don waya, ko don kuɗi, ko don akuya. Iskar nan mai warin ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a gindin rami take kwanciya. In ta yi yawa takan kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya ɗauka lafiya, sai ya faɗi. Sau da yawa mutum na biyu da na uku da ke mutuwa a rami, masu ceto ne. In wani ya faɗa, ku yi kururuwa, ku fasa bakin ramin iska ta shiga, ku zura tsani ko igiya daga sama, ku aika a kira masu kashe gobara in akwai su kusa.

Waɗanda ke da 'ya'ya ko 'yan'uwa a birni, ku gaya musu. In sun ga kwalta ta lotsa, ko ƙazanta tana tsattsafowa daga murfin titi, ko ruwan famfo ya canja launi ko wari, su kai ƙara wurin hukuma, su kuma koma su sake kaiwa. Kada su zuba leda da tsumma da kitse a masai na ruwa.

In gudawa ta shigo gida

Uwargida, wannan naki ne. Kwalara takan bayyana daga rabin yini zuwa kwana 5 bayan an sha ƙwayarta. Alamarta zawo ne tsararo mai yawa, fari kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa da amai. Ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, tana kuwa iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan.

Kada ki jira. Ki kaɗa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti cikin lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce. In babu ƙunshin, ki sa sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita guda. Kada gishirin ya wuce haka. Ki riƙa ba shi kurɓi kurɓi. In ya yi amai, ki dakata minti 10 ki ci gaba. Mai shan nono kada a cire shi daga nono. Ana ba shi ana tafiya asibiti, ko da tsakar dare ne. Can za a ƙara masa ruwa ta jijiya in ya bukata, yara kuma a ba su ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kashin mara lafiya da amansa, har da na jariri, a zuba su a masai. Kada a wanke tsummansa a bakin rijiya. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya zaga, da kafin ya taɓa abinci. In babu sabulu, toka ta fi babu.

Jama'a, lokacinmu ya ƙure. Mutanen Fraser suna da injiniyoyi da kuɗi, duk da haka tsaguwar da ba a gani ba ta ci musu gidaje da shekara guda ta wahala. Mu namu ramin a bayan ɗaki yake, ba ya bukatar kyamara, ido ya isa. Gobe da safe, kafin ka ɗauki fartanya, ka leƙa ka duba. In ka ga na maƙwabcinka ya lotsa, ka yi masa magana, in bai ji ba ka sake yi, gama rijiya guda kuke sha.

Wanda ke da tambaya ya same mu a asibiti ranar awo. Mako mai zuwa, in muna da rai, za mu yi magana a kan gyaran bakin rijiya. Ku huta lafiya.